Sannu da Aiki, Manyanmu

Asabar ɗin farkon wata ce. Ana sallame sallar asuba a masallacin layinmu lasifika ta fara zagaye: a fito aikin gayya, yau za a yashe gota. Kafin ƙarfe shida samarin majalisu uku, waɗanda mu a unguwar Nima ta Accra muke kira bes, sun hallara a bakin kwalbati. Shebur huɗu ne, duk na aro. Baro ɗaya, shi ma ƙafarsa tana kuka. Takalmin ruwa ƙafa biyu kacal, don haka ake karɓa-karɓa, wanda bai samu ba ya ɗaura leda a ƙafa ya faɗa ciki da bisimilla. Hajiya mai koko ta sauke tukunyarta a gefe ta ce, "'Ya'yana, yau ba ciniki, ku sha ku ci ƙosai, Allah Ya yi muku albarka." Abin da ke fitowa daga gotar nan sai wanda ya gani: ledar fiya wata ba iyaka, robobi, tsummokara, rabin katifa, baƙin yashi mai ɗoyi, da baƙaƙen ledoji ƙullallu waɗanda kowa ya san abin da ke cikinsu amma ba mai faɗa. Kafin ƙarfe goma an tara tsibi bakwai a gefen hanya, ruwan da ya kwana wata guda a tsaye ya fara tafiya.

Sai ga babban baƙo. Ina so in yaba masa tun daga nan, domin mutum mai hidimomi irin nasa ya bar ofis mai sanyi ya zo har bakin gotarmu, ai abin a gode ne. Ya sauko daga mota da safar hannu fara fat, da shebur sabo fil wanda takardar kanti ba ta ma fita daga jikinsa ba. Yaransa suka gyara masa wuri, masu kyamara suka durƙusa. Ya ɗebi yashi sau uku daga tsibin da aka riga aka tara, ya zuba a baro, aka tafa. Ya ce samarin zango abin koyi ne ga ƙasa baki ɗaya. Wani dattijo ya matsa ya ce, "Ranka ya daɗe, motar da za ta kwashe fa?" Ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe-goben nan tana tafe. Da zai tafi bai manta da sheburinsa ba, an saka masa a but, saboda akwai wasu unguwannin da ke jiransa.

Tsibin nan ya kwana Asabar, ya wuni Lahadi. Rana ta busar da samansa, iska tana ɗibar ƙurar tana kai wa mai waakye da ke gefe. Awaki suka baje shi. Ranar Laraba, da jama'a suka cika hanya za su Kasuwar Mamudu, 'yan kaya da masu baro suka bi ta kai. Daren Alhamis hadari ya taso daga gabas, kafin gari ya waye duk abin da samari suka fitar da hannunsu ya koma inda ya fito. Kai, hikimar manya ta fi gaban a faɗa! Da mota ta zo, me za mu yasa wata mai zuwa? Ana ta kukan samari ba su da aikin yi, ga shi an samar musu da aikin da ba ya ƙarewa, ba albashi, ba fansho, ba wanda zai kore su.

Kuma a yi wa manya adalci, ba jiya suka fara wannan kyauta ba. Tun zamanin da Malam Futa ya sami wurin nan daga hannun mutanen Osu, a shekarun 1930, Nima take girma da ƙarfin kanta. Bature ya shata Ridge da Cantonments da tituna da magudanan ruwa, ya bar mu muka jera ɗakuna yadda Allah Ya hore, lungu ya haifi lungu, har ya zama akwai gidajen da makara ma sai an karkata ta kafin ta fita. Aka sami 'yanci a 1957, aka gaji Bature har da wannan halin nasa. Wani masani ɗan Ingila, Keith Hart, ya zauna a Nima a shekarun 1960 yana kallon yadda talaka ke neman abinci ba tare da takardar gwamnati ba, ya rubuta abin da ya gani a 1973, manyan hukumomin duniya suka ɗauka suna karantarwa har yau. Wato duniya ta zo makaranta a Nima. A wajajen 1970 kuma an yi ƙungiyar sa-kai mai suna Operation Help Nima da ta yi fama da wannan batu na tsafta da lafiya. Waɗanda suka riƙe shebur a lokacin yanzu jikokinsu ne ke riƙe da shi, a bakin gota ɗaya. Wace gwamnati ce a duniya ta taɓa riƙe al'adar mutane da amana haka?

A 2014 kwalara ta shiga Accra. Sama da mutum 28,000 suka kamu a faɗin Ghana, fiye da 200 suka rasu, kuma unguwanni irin namu ne suka fi jin jiki. Gwamnatin John Mahama ta zauna ta yi nazari, a watan Nuwamba na shekarar ta fito da magani: ranar tsafta ta ƙasa, Asabar ɗin farkon kowane wata, kowa ya fito ya share. Madalla da wannan basira. Mutanen da cutar ta kashe wa 'ya'ya su aka miƙa wa tsintsiya. Wata bakwai bayan haka, daren 3 ga Yuni 2015, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ruwan da ke bi ta tsakanin Nima da Maamobi yana gangarawa ta Paloma da Asylum Down ya faɗa kogin Odaw, daga nan ya nufi tafkin Korle ya shiga teku. A daren nan hanya ta toshe, ruwa ya cika shatale-talen Kwame Nkrumah, mutane suka fake a gidan mai, man ya bi saman ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka mutu. A nan ba ni da gatse. Allah Ya ji ƙansu. An yi makoki na kwana uku, an yi jawabai, kuma duk shekara idan watan Yuni ya kama akan tuna da su da furanni.

Sai Allah Ya kawo mu 2017, shekarar da ba za mu manta ba. Shugaban ƙasa Nana Akufo-Addo, wanda gidansa na kansa yana nan Nima, maƙwabcinmu ne na haƙiƙa, ya yi alkawarin cewa kafin wa'adinsa na farko ya cika Accra za ta zama birni mafi tsafta a Afirka. Aka kafa ma'aikatar tsafta sukutum. Aka kafa wata ma'aikatar ta musamman da sunanmu a jikinta, ta raya zango da tsofaffin unguwannin birni. Majalisa ta zartar da dokar asusun raya zango. A 2018 aka yanka mana ƙananan hukumominmu, Ayawaso ta Gabas ga Nima, Ayawaso ta Arewa ga Maamobi, don mulki ya matso kusa da talaka. Ya kuwa matso, har muna jin ƙamshin turarensa. A shekarar ce kuma muka ga ƙarfin hukuma da idonmu: da aka ce masu rumfuna da ke kusa da gidan shugaban ƙasa su tashi saboda tsaro, cikin 'yan makonni wurin ya zama fili. Ashe in an so yin abu a Nima ana iya yi, har da sa rana. A 2019 aka yi mana albishir cewa za a sake gina Nima da Maamobi su zama unguwar gani ta faɗa, da benaye da lambuna. Tsofaffinmu suka kwana suna tunanin inda za a kai su. Hankalinsu ya kwanta yanzu, ko bulo ɗaya ba a taɓa ba, mun gode.

Ma'aikatar zango ta rayu shekara huɗu, a 2021 aka rufe ta. Ma'aikatar tsafta ta ɗan fi ta tsawon rai, sai da Mahama ya dawo a 2025 sannan aka soke ta. Gota ta ga haihuwarsu, ta ga jana'izarsu, tana nan. Kuɗi ma ba a hana mu jin labarinsu ba. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don maganin ambaliya a yankin Odaw, da sunan Nima a cikin takardun, a 2023 aka ƙara miliyan 150. A 2021 aka ɗora pesewa 10 na harajin tsafta a kan duk litar fetur da ta gas da aka saya, wanda jama'a suka raɗa wa harajin bola. Direban trotro ya biya, ya ɗora wa fasinja. Mai keken aboboyaa da ke kwashe mana shara ya biya, ya ɗora mana. Wato mun biya haraji don a kwashe bola, muna biyan mai aboboyaa ya kwashe bola, sannan ranar Asabar mu fito mu kwashe bola. Lada uku a kan shara ɗaya, wa ya kai mu gata? Ba mamaki mahaɗar da ke bakin unguwarmu sunanta Kawo Kuɗi.

Kada wani ya ce na karkata. Mun ga jam'iyyar laima, mun ga jam'iyyar giwa. Nima ta daɗe tana dangwala wa laima, kuma laimar ta san ƙuri'ar nan ko ana ruwa ko ana rana tata ce, to me zai sa ta wahalar da kanta? Giwa kuma ta san ko ta yi rawa ba za ta samu ba. Duk bayan shekara huɗu, idan Disamba ta gabato, dukansu sukan tuna da mu: buhunan shinkafa da sukari da azumi, rago ko sa ga limamai da Babbar Sallah, riguna da ƙwallo ga bes-bes. A watan Yuni kuwa, lokacin da maƙwabciyata ke ɗora katifa a kan tebur da ƙarfe biyu na dare, ta goya yaro ɗaya ta riƙe ɗaya, ruwa baƙi ya kai mata gwiwa a cikin ɗakinta, tana kiran "Yaya, Yaya, ku zo ku kama mini yaran nan," samarin layi ne ke fitowa da tocilan da bokiti. Manyanmu suna da kunya, ba sa shiga ɗakin matan aure da dare.

Akwai kuma namu na gida da suka cancanci yabo. Sannu ga wanda ke jiran hadari ya haɗu ya aiki yaro da kwandon shara ya juye a gota, wai ruwa zai tafi da shi. Ruwa yana tafiya da shi kuwa, har ɗakin ɗan'uwansa da ke gangare. Sannu ga mai gidan haya da ya mai da banɗaki ɗakin kwana don ya ƙara kuɗin wata, ya bar mutum talatin suna bin layin banɗakin gwamnati da kuɗi a hannu, yaro ya matsu da dare ba inda za shi sai baƙar leda. Sannu ga wasu masu rawani da ake kira gaba a zauna a kujerar farko ranar taro, su karɓi ambulan, su yi addu'a mai tsawo, batun mota kuma ba ya fitowa daga bakinsu. Laifinmu ne wannan, kuma malamai suna faɗa a kan mumbari cewa tsafta tana cikin imani. Sai dai uwar da za ta zaɓa tsakanin kuɗin mai aboboyaa da kuɗin kokon yara ba wa'azi kaɗai take bukata ba, tana bukatar kwantenar shara kusa da ita wadda ake ɗaukewa kafin ta cika ta tumbatsa.

Ina faɗin wannan duka ne domin na san samarin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma raina yana ɓaci idan na ga yadda ake cin guminsu. Su ne in an yi mutuwa suke haƙa kabari, su ɗauki gawa. Su ne ke zagayawa da kwano a haɗa wa mara lafiya kuɗin asibitin Maamobi. Su ne ke gadin layi da dare, su ne ke koya wa ƙananan yara karatu da yamma ba ko sisi, su ne ke share filin Idi. Mata kuma da adashinsu da ƙungiyoyinsu na suna da biki suke riƙe da gidaje da yawa da ba don su ba da sun watse. A cikin lungunan nan Mohammed Kudus ya fara buga ƙwallo, yau duniya tana kallonsa. Unguwar da ke da irin waɗannan mutane ba ta rasa zuciya ba. Amma shebur huɗu da baro ɗaya ba za su faɗaɗa magudanar ruwa ba, ba za su rufe ta da kankare ba, ba za su kai yashi juji a bayan gari ba. Wannan aikin injiniya ne da tifa da kasafin kuɗi, kuma an karɓi harajinsa. Na ga yaro ɗan shekara goma sha tara da kwalba ta yanke shi a cikin gota, ƙafar ta kumbura, ya yi wata biyu bai fita neman abinci ba. 'Yan bes ɗinsu ne suka biya magani. Hoton ranar ya fita a jarida da babban baƙo a tsakiya, shi yaron hannunsa kawai ya fito a gefe.

Don haka, manyanmu, sannunku da aiki, Allah Ya biya ku gwargwadon abin da kuka yi mana. Asabar ɗin farkon watan gobe za mu fito ƙarfe shida kamar kullum, domin 'ya'yanmu ne ke kwana a bakin gotar nan. Ku huta a gida, ku ajiye safar hannun, ba sai kun zo ba. Ku turo mana tifa biyu kafin azahar.