Farillan Ofis Na Wannan Zamani

A da can, abin da ake bukata ga sabon ma'aikaci bai wuce ya san inda rajistar sa hannu take, ya san wanda ke riƙe da makullin ɗakin fayil, ya kuma iya rusunawa gwargwadon muƙamin wanda ya tarar a kan kujera ba. Wanda ya kiyaye waɗannan, ko da fahimtarsa ba ta taka kara ta karya ba, sai ya cika shekara 35 yana karɓar albashi cikin rufin asiri. Amma yau kowane ofis ya rabu biyu, akwai na zahiri mai tebur da fanka, akwai kuma na baɗini wanda ke cikin wayar hannu, kuma duk wanda Allah ya ƙaddara masa sabon aiki bayan furfura ta keto masa, a na biyun nan ne ake yi masa hisabi.

Mu ɗauki Malam Wane misali. Mutum ne da ya sayi waya tun 2001, shekarar da salula ta shigo Nijeriya, lokacin da layi kaɗai yake cin albashin wata, saboda haka yana lissafa kansa cikin magabata a wannan fanni, alhali iliminsa bai ƙetare kira da amsawa da kunna tocila ba. Ranar da ya kama aiki, wata yarinya sa'ar 'yarsa ta ce, "Baba, kawo lambarka," kafin azahar kuwa ta jefa shi zaure biyu na WhatsApp: ɗaya wanda Oga ke ciki, ɗaya wanda Oga ba ya ciki. Sai daga baya ya sami labarin akwai na uku, inda ake tattauna mutanen zaure na biyu, shi ma har an buɗe masa babi.

Hukunce-hukuncen waɗannan zauruka ba a rubuta su a littafi ba, amma malaman fannin sun yi ijma'i a kansu. Idan Oga ya aiko da saƙo, ko da hoton fure ne da barka da Juma'a, amsawa farilla ce a kan kowane baligi mai albashi, wani ba ya ɗauke wa wani. Sai ka ga mutum arba'in sun jero suna rubuta "An gani, ranka ya daɗe," wanda ya riga kowa kuma shi ne ake kyautata masa zaton ƙarin girma. Idan masinja ne ya aiko, amsawa mustahabbi ce, kuma babban yatsa guda ya wadatar. Ta'aziyya, wadda a da sai an cire takalmi an zauna a tabarma, yanzu sitika ce da aka tanada tun rasuwar bara. Fita daga zaure kuwa yanke zumunci ne, admin zai sani nan take, kuma admin ba ya riƙe sirri.

Abin da ya fi ɗaure wa Malam Wane kai shi ne alamar nan shuɗiya guda biyu, wadda aka ƙirƙiro a 2014, shekarar da Facebook ya sayi WhatsApp a kan kimanin dala biliyan 19. Shaidu biyu ne adalai, ba su karɓar toshiya, ba su mantuwa, suna tabbatar da cewa ka karanta ka yi shiru. Shi kuwa bawan Allah al'adarsa ita ce ya buɗe saƙo, ya gyara tabarau, ya yi nazari, ya bar jawabi sai gobe idan an haɗu ido da ido, kamar yadda aka tarbiyyantar da shi. Kafin goben ta zo an riga an yanke masa hukuncin girman kai.

Sai kuma status, wanda ke rayuwa awa 24 ya shuɗe, amma fushin wanda ba a kalli nasa ba yakan kai shekara. Malam Wane ya gaida Hajiya mai kula da kuɗi da fara'a, ta amsa a daƙile, domin jiya ta sa hoton sabuwar motarta, kowa ya yi mata fatan alheri ban da shi, washegari kuma ta sa habaici a kan mahassada, shi kaɗai ne bai san da wa ake ba. Da aka tambaye shi ranar haihuwarsa domin a yanka masa kek, sai ya ce takarda ta ce 1 ga Janairu, mahaifiyarsa kuwa ta ce da kaka ne, ana cikin yankan gero.

Ba na cewa laifin duka na yara ne. Mu da muke yi musu wa'azin ɓata lokacin gwamnati, mu ne muka share shekaru muna karanta New Nigerian daga bango zuwa bango a kan teburin aiki, muna jiran mai ƙosai. Bambancin kawai, tamu gaflar ba ta cin data. Rashin sani ma yana da ranarsa: da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, samari suka yi ta haurawa ta katangar VPN, irin su Malam Wane ne kaɗai suka bi doka sau da ƙafa, ko da yake ba su da lada tun da babu niyya. Da ya zo ya haddace sunan, sai aka ce masa ai tun 2023 an mai da shi X.

Amma mai nema yana tare da samu. Bayan 'yan watanni na mujahada, wata safiya saƙon Oga ya faɗo zauren ofis, Malam Wane kuwa, wanda ya kwana da waya a ƙarƙashin matashi, ya riga kowa rubuta "An gani, ranka ya daɗe, za a aiwatar," sauran ma'aikata suka biyo sahu ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka kai mutum na talatin sannan wani ya tsaya ya karanta saƙon, ashe uwargida Oga ya nufa da shi, yana cewa a rage yaji a miyar dare, kuma kada a ba ƙaninta makullin mota.