Mutum Biyu a Riga Ɗaya

Wani daren Talata a 2025, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, an ɗauke ruwa, barci ya fara daɗi, sai ihu ya tashi daga zauren gidanmu: "Sun zagayo ta baya! Wayyo, sun kashe ni! Ku watse, ku watse!"

Mutumin Kano ko Zariya in ya ji haka, sai ya juya ya gyara filo. Mu nan Saminaka, ba ta Lere mai kasuwar masara ba, tamu ta ƙasar Birnin Gwari wadda daji ke leƙo mata ta kan danga, ba a tsayawa tambayar ma'anar irin wannan magana. Ƙafa ce ke fassara ta. Kafin in laluba hulata, uwargida ta saɓa yaro a baya, sai daga baya aka gane filo ta goya. Inna, wadda tun azumi ciwon gwiwa ya hana ta zuwa barka ko'ina, ta tsallake dangar baya kamar 'yar shekara goma sha biyar. Maƙwabcinmu, dattijo mai kamala da ke jan salla in liman ya yi tafiya, a tsakiyar masara aka tsinto shi, buta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Ni kuwa ƙarƙashin rumbu na shiga, domin daga nan ne aka fi tsara dabarun kare iyali.

'Yan sa-kai suka iso da tocila da harba-ka-ruga. Suka banka ƙofar zaure. Samari huɗu ne a kan tabarma, kowa ya dunƙule a kan waya, fuskokinsu na haske kamar na aljanu. Ɗan ƙanena da nake riƙo ya ɗago kai, yatsunsa ba su ma daina motsi ba, ya ce, "Baffa, lafiya? Wasa ne fa."

Na ce to wa ya kashe ka? Ya ce wani yaro ne daga Barazil.

Sunan abin Star Wars: Hunters. Huɗu a nan, huɗu a can, a yi ta harbe-harbe a wani fili a sararin samaniya. A watan Yunin 2024 ya fito, kuma tun daga lokacin ban sake ganin ƙwayar idon yaron nan ba, sai tsakiyar kansa. An ce tushensa fim ɗin nan ne da George Lucas ya saki a 1977, wanda kamfanin Disney ya saye gidansa ɗungurungum a 2012 a kan dala biliyan huɗu. Na taɓa sa mai turi ya tura mini shi in ga abin da aka saya da wannan uban kuɗi. Babu fassara, babu rawa, babu waƙa. Jarumi na yawo da takobi kamar doguwar fitilar shagon aski. Bos kuma ya rufe fuska da baƙin kasko yana numfashi kamar mai ciwon asma a lokacin hunturu. Wuraren da suka ce wata duniya ce can nesa, a Tunisiya aka ɗauka, rairayi da ɗakunan ƙasa. Wato irin ginin da kakata ta rasu tana roƙon a rushe a sa mata kwano, shi ne Bature ya haye teku ya ɗauka ya ce ga rayuwar wata duniya.

Duk wannan zan iya yafewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutumin da yaron nan ya zaɓa ya zama shi a cikin wasan.

Akwai ƙarti a ciki. Akwai wani mai gashi buzu-buzu kamar tsohon bunsuru da ya yi hawan ƙaho, akwai soja cikin farin sulke, akwai mace mai jan takobi. Ɗan gidanmu, jikan maharba, ya tsallake su duka ya ɗauki wani wai shi Utooni. Na karɓi wayar na duba da kyau. Ashe ba mutum ɗaya ba ne. Wasu gajeru ne guda biyu, wa da ƙane, ɗaya ya hau wuyan ɗaya, suka zura riga guda don a ɗauka cikakken mutum ne.

Na tambayi asalinsu. Aka ce ƙabilarsu Jawa, sana'arsu bin hamada suna tsintar tsofaffin ƙarafa. 'Yan jari bola ke nan, ba sai an yi mini dogon Turanci ba. A fim ɗin farko ma na gan su: sun tsinci mutum-mutumi a daji, sun goge, sun sayar wa wani manomi, ko ƙofar gida bai kai ba abin ya yi tartsatsi ya mutu. Duk wanda ya taɓa sayen janareto na hannu da aka yi wa sabon fenti ya san wannan ciniki.

Tun daren nan mutanen biyu suka hana ni sakat. Ina kwance ina lissafi. In za su Kaduna daga tashar Birnin Gwari, kuɗin mutum nawa kwandasta zai karɓa? In ya ce na biyu, su ce ai kujera ɗaya muka zauna. In ya ce na ɗaya, direba ya ce shi nauyi ya ji a taya. A shingen sojoji na Buruku in an ce kowa ya sauko ya ɗaga hannu, hannu nawa za a gani? Tela fa, wa ya auna? In Sallah ta zo, shadda yadi nawa, kuma wa zai biya, tunda na ƙasa ko aikin wuyan ba zai taɓa gani ba? Ranar zaɓe kati ɗaya ne ko biyu? Wannan ma na san amsarsa, ya danganta da jam'iyyar da suka zo yi wa.

Sai maganar aure. A ce na sama ya ga yarinya, ya yi magana, an ba shi. Na ƙasa ne ya yi ta sintiri zuwa zance, shi ya taka ƙaya, shi kare ya bi, shi ya tsaya awa uku a ƙofar gida sauro na cin ƙafarsa, amma ko muryar yarinyar sai ta cikin riga yake ji. Ranar ɗaurin aure waliyyi ya ce ango ya matso, su matso. A raba goro, na sama ya karɓa. A kawo waina, na sama ya ci. Na ƙasa sai dai ya ji ƙarin nauyi ya gane an ci abinci. Na kai wannan mas'ala gaban maƙwabcina mai takalmi ɗaya, na ce Malam, in suka yi salla, jam'i suka yi ko ɗaiɗai? Ya dube ni ya ce in fara nemo masa takalminsa tukuna.

Da na ƙara nazari sai na ga ai na san su. Shekara da shekaru muna cikin rigar nan. Na sama na da baki da ido da hannun karɓa, na ƙasa na da ƙafa. Na sama ya ce "mun sha wahala", alhali ko ƙasa bai taka ba. In an faɗi, na ƙasa ne ke karyewa. In an yi nasara, na sama ne a hoto. Duk bayan shekara huɗu a ɗaga rigar kaɗan, a miƙa wa na ƙasa taliya da sabulu, a sake saki.

To, wannan rigar, rigar da mutum biyu ke rabawa, ita ɗan ƙanena ya canza wa launi da kuɗi. A 2024 ne, sai a makon ihun nan abokansa suka tona. Na ba shi kuɗi ya ƙaro mana taki, ya dawo ya ce taki ya hau, abin da ya samu ke nan. Ashe ragowar ya tura wa wani abokinsa mai katin banki a Kaduna, aka saya wa 'yan jari bolan sabuwar riga. Shi kuwa wanda ya yi musu ɗinkin, rigar ƙwallon da ke jikinsa ta yage a hammata tun kakar bara, lambar bayanta ma ta goge, ba a san ɗan wasan da yake wakilta ba. Masarata ta yi ja don yunwa, Utooni na yawo cikin sabon kaya.

Kada a ce ƙauyanci ne ke damuna. Su kansu masu abin sun taɓa tayar da ƙayar baya. A 2017 wani wasan na wannan gida, Battlefront II, ya fito da tsarin da aka lissafa sai mutum ya shafe wajen awa 40 yana dannawa kafin a ba shi bos mai asman nan, in kuwa yana gaggawa ga akwatunan sa'a na sayarwa. Ihun da aka yi ya sa kamfanin ya dakatar da sayarwar ana gobe wasan zai fito kasuwa. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, caca ce. Mu nan ba mu buƙaci hukuma ba, Inna ta faɗi haka tun ranar farko.

Amma bari in ajiye raha in faɗi abin da ya ƙona mini rai. Yaran nan huɗu babu wanda bai san ƙarar bindigar gaske ba. Sun san bambancin ta maharbi da ta mutanen daji tun daga nesa. Babu wanda a cikinsu ba a taɓa yin karo-karon kuɗin fansa a danginsa ba. An sayar da gona, an sayar da shanun huɗa, an sayar da babur. Kasuwar shanu ta Birnin Gwari shekaru ta yi a rufe, sai a Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo aka buɗe ta bayan sulhu, kuma har yau kowa da ido ɗaya yake barci. Mu mun biya kuɗi don a daina harbi, su suna sayen data don a ci gaba. Data ɗin ma da aka ƙara wa kuɗi kashi 50 cikin ɗari a farkon shekarar 2025.

Haka na zazzage masa da safe, a gaban kowa, har da nuna yatsa. Ya sunkuyar da kai har na gama. Sannan ya ce, "Baffa, ai a nan in an kashe mutum, ƙirga goma kawai zai yi ya tashi."

Na nemi amsa a aljihu ban samu ba. Sai na ce ya tashi ya kai wayata caji.

Shagon cajin nan ma wata masifa ce da ya kamata a yi mata shafi guda. Da, in ka kai waya, a manna mata lamba, a ba ka rabin katin, ka dawo bayan la'asar. Yanzu duk ramukan soket 'yan wasa sun kama, kuma ba sa barin wayar su tafi, a nan suke tsugune igiya a haɗe, suna yaƙi wuta na shiga, wayar ta yi zafi har a iya gasa masara a bayanta. Kai mai ƙaramar waya ta tocila, da kake jiran kiran dillalin hatsi, sai a ce Baba ka ɗan jira a gama wannan zagayen. Zagayen kuwa ba ya ƙarewa, kamar bashin mai shayi. Ga janareto na kuka, ga mai turi na sakin waƙa, ga mai POS na cewa babu sabis, alhali ga sabis can yara huɗu sun tattare shi suna kashe ɗan Barazil da shi.

Wani lokaci har nakan tuna ƙarshen Satumban 2021, da aka katse layukan waya a wannan yanki saboda tsaro, ba a dawo da su ba sai ƙarshen Nuwamba. Wahala ce, ba na fatan ta dawo: mutum ya yi tafiya mai nisa don kawai ya ce wa ɗan'uwansa an haihu, ko an rasu. Amma a watannin nan biyu ne na gano ɗan ƙanena na da ɗan tabo a goshi, na kuma ji muryarsa a cikakkiyar jimla. Har dara suka haƙa a gindin mangwaro. A dara in an ci ka, ka san wanda ya ci ka, ka san gidansu, gobe ka rama. Ba ka kai ƙara Barazil.

Labari mai daɗi na ajiye a ƙarshe. A lokacin, kamfanin da ya yi wasan ya riga ya sanar cewa ranar 1 ga Oktoban 2025 zai rufe shi gaba ɗaya. Filin yaƙin, ƙartin, takobin fitila, duk za a kashe musu wuta kamar yadda mai shagon caji ke kashe janareto. Wasan da bai cika shekara ɗaya da rabi ba. Na tambayi yaron, to rigar da ka saya da kuɗin takina fa, za su aiko da ita ta mota ne ko sai an je an karɓo? Ya ce ba haka abin yake ba. Na ce ko maɓalli ɗaya? Ya ce Baffa ba za ka gane ba. Na ce na gane sarai, gado ne da babu magaji.

Inna, da ke jin mu daga bakin murhu tana shafa man zafi a gwiwar da ta dawo da ciwonta tun asubar Laraba, ba kuɗin ne ya dame ta ba. Ta ce, "To su bayin Allahn nan biyu, in an rufe, za a bar na ƙasan ya fito ya sha iska?"

Yaron ya ce bai sani ba, amma kwanakin da suka rage kaɗan ne, in da hali in taimaka masa da na data, don su yi bankwana. Na ba shi aron tocila, na nuna masa gonar masara. Takalmin Malam na ƙafar hagu ne, ruwan ƙasa, an ɗinke igiyarsa da zare baƙi.