Me Ka Ajiye a Kan Dutsen?

Ka ce wa Bakano za ka je hawan dutse ranar Asabar, ka tsaya ka ga kallon da zai yi maka. Daga hula zai fara, ya gangaro har takalmi, sannan ya sassauta murya ya ce, "Lafiya dai ko?" In ka ce lafiya lau, sai ya ƙara da, "To me ka ajiye a can?" Kafin ka buɗe baki ya riga ya yanke hukunci: wannan aikin Turawa ne da 'yan Abuja waɗanda ƙoshi ya yi wa yawa. In ba haka ba, mutum da hankalinsa ya bar inuwa, ya bar majalisa, ya sha mai da tsadar nan, don kawai ya je ya azabtar da gwiwarsa ya dawo hannu rabbana?

To, 'yan majalisa, ku gyara zama, yau da ku nake.

Alhaji, da kai zan fara, tunda muryarka ta fi ta kowa tashi. Ranka ya daɗe, ba kai ne ka dawo daga Makka kana zagaya majalisa da waya kana nuna mana hotonka a bakin Kogon Hira ba? Wa ya kai ka can, jirgi? Jabalin Nur ya haura mita 600 daga saman teku, ka hau shi da silifas da jallabiya, kana haki kana salati, tsofaffin Turkiyya da 'yan Indunusiya suna wuce ka. Ka kuma san malamai sun faɗa maka hawan ba ya cikin aikin Hajji, son gani da ido ne ya kai ka. Shekara nawa ke nan kana ba mu labarin? Ashe dai ka san daɗin abin. Dutsen gida ne ka raina.

Na ji wani daga can ƙarshen benci yana cewa, "Ai mu a Kano ba mu da dutse sai Dala da Gwauron Dutse, kuma na hau Dala tun ina firamare." Sannu da ƙoƙari, Malam. Dala uba ne, ba mai ja da wannan, a gindinsa birnin ya tsiro. Amma mu yi lissafi. Ƙololuwar Dala mita 534 ce daga saman teku, shi kuwa birnin da kake tsaye a kai ya riga ya haura mita 470. Ke nan abin da ka hau wajen mita 60 ne kawai, kuma a kan matakalar siminti, da mai sayar da rake yana jiranka a ƙasa. Wannan shi kake kira hawan dutse har kake ɗaga kafaɗa?

Ku da kuke cewa ko da me aka zo an fi mutum, ashe akwai abin da kuke da shi a cikin gida ba ku sani ba. Ɗauki hanyar Zariya. In kana da lokaci ka ratse ƙasar Bebeji ka leƙa Tiga, madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tun daga nan duwatsu za su fara yi maka sallama, har otal ɗin Rock Castle ma a kan dutse aka ɗora shi yana kallon ruwa. Ka dawo ka miƙa har Kwanar Ɗangora a Kiru, ka sha kwana ka kama hanyar Jos, ka wuce Tudun Wadar Ɗankadai, ka ratsa dajin Falgore, wajen kilomita 150 daga birni. Daga nan ƙasa ta soma tashi, iska ta canza, bishiyoyi su yi kauri, masara ta fi gero yawa a gonaki, domin ruwan saman da ake samu a nan ya haura milimita 1,000 a shekara, ya fi na arewacin jihar nesa ba kusa ba. Can gaba, a Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, za ka ga duwatsun da kawunansu suka wuce mita 1,000. Nan ne wuri mafi tsayi a Jihar Kano, kuma har yanzu ba ka fita jiharku ba, duk da dai ka matso kusa da Zagezagi. Kada ka yarda su ji kana nishi, abin gori ba ya yi musu kaɗan.

Masana ƙasa sun ce duwatsun Riruwai zobe ne, gindin wani tsohon dutse mai aman wuta da ruwa da iska suka cinye samansa, kuma shekarunsu sun haura miliyan 150. Na san Alhaji zai ce, "Wa ya ƙirga?" To bar wannan, ga wanda kakanni suka gani da idonsu. Tun kafin Bature ya san hanyar Jos, mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafuka, su narka ta, su zuba ta sirara-sirara kaurin tsinken ciyawa, fatake su ɗauka su kai kasuwanni masu nisa. Irin waɗannan tsinkayen ne suka sa Turawan kamfani suka bi sawu suna neman inda take fitowa. A shekarun 1970 aka haƙa babban rami na ƙarƙashin ƙasa a Riruwai don kuza da sauran ma'adinai, aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a duniya. Mai tambayar abin da aka ajiye a kan dutse, ga amsa ɗaya: abin da ya ɗago Bature daga Ingila ya zo ya hau, kai kana Sabon Titi kana cewa ba komai a can.

Yanzu zo mu hau, in ka isa.

Rabin sa'ar farko ita ce ta cika baki. Hanya tana bi ta tsakanin gonaki, raɓa tana jiƙa ƙafar wando, kowa yana zuba, har da mai cewa, "Wannan ne dutsen da ake ta zuzutawa?" Sai a zo inda ƙasa ta ƙare, falalen dutse ya miƙe a gabanka. Nan hira take mutuwa ba tare da an ce a yi shiru ba. Ka fara jin bugun zuciyarka a cikin kunne. Hular da aka kafa a gaban goshi ta koma aljihu. Agogo ya yi nauyi, waya ta yi nauyi, tumbin da ake shafawa a majalisa ana ce masa alamar rufin asiri ya fito da ainihin halinsa. Mai takalmi sau-ciki ya tuɓe ya riƙe a hannu, sai dutse ya gasa masa tafin ƙafa, ya mayar. Ka kama tushen ciyawa don ka ja jikinka, ta tuge ta biyo ka. Ka ɗaga kai ka hango ƙololuwa, ka ce alhamdu lillahi, ka tattara sauran ƙarfinka ka isa, sai ka tarar kafaɗa ce kawai, wani kan yana can sama yana jiranka. A nan ne na taɓa jin wani babban mutum, mai 'ya'ya da jikoki, yana tambayar yaron da ke mana jagora da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan samari, don Allah gaya mini gaskiya, saura nawa?" Yaron ya ce, "Ai mun kusa, Baba." Ka riƙe wannan: "mun kusa" ta mutumin dutse ba irin taku ba ce.

Kana nan zaune a inuwar kanya kana mayar da numfashi, sai ka ji taku daga sama. Wata baiwar Allah ce take saukowa, damin itace a ka, goyo a baya, takalmin roba a ƙafa, ko dafa dutse ba ta yi. Ta dube ku, ku ƙarti da jakunkuna da robobin ruwa, ta ce, "Sannunku da hutawa." Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Bayanta ga ɗan Fulani da sandarsa a kafaɗa yana tsallaka duwatsu yana kiran shanu. Wannan shi ne "aikin Turawan" da kuke faɗa. Mutanen nan sun gaji hawa daga iyaye da kakanni, ba su taɓa ɗaukar hoto a kai ba. Abin da ɗan birni ya ƙara kawai shi ne haki.

Me ake gani a sama? Ga ka, ga shaho yana shawagi a ƙasa da kai, kana kallon bayansa. Garin da ka baro ya koma 'yan kwanukan rufi masu ƙyalli, gonaki sun jeru, daji ya yi shuɗi har inda ido ya gaza. Sai ka lura da 'yan ƙoramun da ke silalowa daga tsagar duwatsu. Ruwan wannan yanki ne yake taruwa ya shiga Kogin Kano, ya ratsa Falgore, ya kwanta a Tiga, daga can a sako shi ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatirin da Hajiya ta yi miya da shi jiya, da shinkafar da ka ɗora miyar a kai, ruwan da ya sauko daga irin wuraren nan suka sha. Shekara da shekaru kana cin arzikin dutse, ko sannu ba ka taɓa zuwa ka yi masa ba.

Ban manta da masu cewa duwatsu gidan iskoki ne ba. To, mai damin itacen nan kullum sai ta bi ta ƙofar gidansu, ba su taɓa ta ba, sai kai da ka zo da azkar ɗinka na safe cikakke? Yi addu'arka ka wuce. In tsoro kake nema, ga na gaskiya: gansakuka a kan dutse bayan ruwan sama, wadda ta kayar da waɗanda suka fi ka ƙarfi, tsawa in hadari ya taso kana kan falale, maciji a ƙarƙashin dutsen da ka zura hannu ba ka duba ba, da tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, waɗanda ba a iya gane zurfinsu daga sama. Kada zafi ya ruɗe ka ka ce za ka yi wanka a ciki.

Maganar tsaro kuwa, nan ba zan yi muku dariya ba, kuna da gaskiya. Dajin Falgore ya yi suna da ɓarayin shanu da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mai da wani sashensa filin atisaye. Don haka ba a zuwa kai tsaye a faɗa daji. A tambayi halin da ake ciki kafin a taso, a ratsa Falgore da rana, a sauka a gaida dagaci ko mai unguwa, shi zai haɗa ku da wanda ya san hanya, ku kuma sallame shi da abin kirki, ba canjin da ya rage a aljihu ba. In mutanen gari suka ce yau ba a bi ta can, to ba a bi. Sun fi ka sanin dutsensu, ko da kuwa digirinka uku.

Hajiya, na ga kina dariya kina cewa wannan rigimar maza ce. A'a, ranki ya daɗe, har da ke. Ba ke likita ya ce ki riƙa tattaki ba, kika ce ai kina yi, daga falo zuwa kicin? Ba wanda ya ce ki kai ƙololuwa. Ki tafi da 'yan'uwanki, ku hau iya inda numfashi ya yarda, ku zauna ku ci ɗan wake ku sauko. Wanda kuma yake da ciwon zuciya ko na gwiwa, mace ko namiji, ya fara jin ta bakin likitansa, dutse ba ya karɓar uzuri a tsakiyar hanya.

Abin da ba a faɗa wa baƙo shi ne saukowa ta fi hawa wuya. Wajen hawa ƙirji ne yake biya, wajen sauka gwiwa ce, ga tsakuwa tana gangarewa a ƙarƙashin takalmi, ƙafa tana rawa kamar mazari. A nan girman kai yake ƙarewa: za ka ga mai kamfani ya zauna dirshan yana jan gindi a kan dutse, yana roƙon kada a ɗauke shi hoto. Mafi yawan faɗuwa a nan ake yin ta, lokacin da aka gaji kuma ake ɗokin isa mota. Sannu ba ta hana zuwa. Washegari kuma, in ka zo yin ruku'u a sallar Asuba, cinyoyinka za su ba ka labarin jiya dalla-dalla.

Wani roƙo ga 'yan'uwana da suka riga suka kamu da son abin: ledar ruwan da ka hau da ita cike, ba ta fi ƙarfinka ba bayan ka shanye. Sa ta a aljihu ka sauko da ita. Kuma a bar rubuta suna da fenti a jikin dutse, ba wanda ya hau don ya san ka zo.

Lokacin zuwa shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, ƙoramu suna da sauran ruwa, ga sabuwar masara ana gasawa a bakin hanya. In ka bari hunturu ya kankama, hazo zai rufe maka komai, ka sha wahala ka hau ka ga fari fat. Watan Maris da Afrilu kuwa, ko maƙiyinka kada ka aika.

Saboda haka, Alhaji, ka ajiye babbar riga da sau-ciki a gida. Nemi takalmi mai kama ƙasa, da hular rana, da ruwa lita biyu, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu. Mu yi Asuba a birni mu kama hanya, mu fara hawa kafin rana ta yi ƙarfi, mu ratso Falgore kafin La'asar ta yi sanyi. Man mota naka ne, tunda kai ka fi kowa musu.