Kowa Ya Ce "Saboda Yara Ne": Mutanen da Na Gani a Tashar Bergen

Ƙanena da ke zaune a Ingila ne ya matsa sai na bi su yawon jirgin ruwa, daga Southampton zuwa gaɓar Norwe, shi da maiɗakinsa da yaransu uku da Hajiyarmu. Jirgin kamar an ɗauki unguwa guda ne an aza bisa teku. Tsarin tafiyar kuwa ɗaya ne: a kwana ana tafe, gari ya waye a wata tasha, a sake ku kamar awaki na awa takwas ko tara, kafin yamma kowa ya dawo garke.

Daren da za mu wayi gari a Bergen, birni na biyu mafi girma a Norwe, na samu kujera kusa da teburin da ake sayar da tikitin fita gari, na riƙe kofin shayi ina karantar jama'a. Bature da Ba'indiye da Balarabe da Bahaushe, harshe ne kawai ya bambanta. Kowane magidanci abin da ransa ke so yake zaɓa, in an tambaye shi dalili sai ya gyara murya ya ce saboda yara ne. Yaran kuma suna can ƙarƙashin tebur suna rigima a kan waya. Ga waɗanda idona ya kama.

Sarkin Lissafi

Wannan ba ya ganin farashi sai ya buga shi da kuɗin garinsu, in ya ga abin da ya fito ya dafe ƙirji. Shi ne ya fara gano cewa daga Skolten, inda jirginmu ya tsaya, zuwa tsohuwar unguwar Bryggen tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa, don haka biyan kuɗin bas asara ce. A nan ya yi gaskiya, har ni na amfana. Matsalarsa ita ce in ya ci riba sau ɗaya sai ya ɗauka kasuwar duka tasa ce. Da aka iso gindin dutsen Fløyen, ga jirgin da igiyar ƙarfe ke ja yana kai mutane sama cikin minti shida, sai ya ce a hau da ƙafa, motsa jiki na da amfani ga yara. Tashar saman dutsen nan tana kan tsayin mita 320 ne. Kafin a yi rabi ɗan autansa ya koma wuyansa, na tsakiya ya zauna a hanya ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai tashi ba, uwargida kuma ta daina magana, wanda duk mai aure ya san ya fi zagi. Kuɗin da ya ɓoye ya tafi wajen askirim na ban-haƙuri, har da ciko. Araha dai ba ta ado.

Uwar Jadawali

Ita tun wata uku da suka wuce ta gama tafiyar a takarda. Tana da faifai mai launi-launi: ƙarfe 9:10 Bryggen, 9:40 kan dutse, 11:05 gidan kifaye, 12:30 abinci, minti ashirin da biyar ba ƙari. Na yaba mata abu guda, ta sayi tikitin hawa dutsen ta intanet tun a jirgi, domin ranar da jirage da yawa suka sauke mutane layin wurin yakan miƙe har titi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da faifan bai sani ba shi ne mafitsarar yaro ɗan shekara uku ba ta karanta agogo. Da ya ce "Mama, fitsari" a daidai 9:38, sai ka ga fuskarta kamar an yi juyin mulki.

Alhaji Haɗama

Shi ya ji labarin jirgin ƙasan Flåm, mai kilomita 20 da ramuka 20, da mashigin ruwan Nærøy da ke ratsa tsakanin duwatsu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005. Ya ce ba zai zo Norwe ya koma bai gani ba. An nuna masa cewa zuwa da dawowa daga Bergen wuni guda ne cur, jirgin ƙasa, bas, kwale-kwale, wani jirgin ƙasan kuma. Ya ce ai yara su ga duniya, tafiya mabuɗin ilimi. Duniyar da yaran suka gani ita ce bayan kujerar gaba da ledar amai. Ga shi akwai ƙananan jiragen da ke tashi daga tsakiyar gari su kai ka mashigin Mostraumen su dawo cikin awa uku da ɗan wani abu, ka ga duwatsu da ruwan da ke zubowa daga sama, yaro kuma ya samu filin zagayawa. Amma Alhaji Haɗama gani yake duk abin da bai wahalar da iyali ba bai kai a ba da labarinsa ba.

Malam Ba-Hadari

Bergen gari ne da duwatsu bakwai suka kewaye, iskar teku ta kwaso ruwa ta zo ta juye a kansa. Ana ruwa fiye da kwana 200 a shekara, abin da ke sauka ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Duk wannan an faɗa wa Malam Ba-Hadari. Ya leƙa taga da safe, ya ga rana, ya ce shi ɗan manomi ne, ya san hadari in ya gan shi. Ya fito cikin farar shadda mai sitaci da takalmin fata. Ruwan Bergen kuwa ba ya gangami, ba tsawa, ba guguwa, sallama ma ba ya yi. Ƙarfe sha ɗaya na gan shi a rakuɓe ƙarƙashin rumfar wani shago, shaddar ta manne masa kamar an jiƙa takarda, hular ta kwanta. Kishiyarsa ita ce wadda ta naɗe yaranta da riguna biyar-biyar a watan Yuni, har ba sa iya lanƙwasa hannu, suna tafe kamar buhunan gero. Mutanen Norwe suna da karin maganar cewa babu mugun yanayi sai mugun tufafi. Rigar ruwa marar nauyi da rigar sanyi guda a ciki, shi ke nan an gama.

Gimbiyar Hoto

Ba ta zo ganin gari ba, ta zo ne gari ya gan ta. Gidajen katakon Bryggen masu ja da rawaya da fari a wurinta labulen ɗakin hoto ne. Mijin ne mai ɗauka, ya durƙusa, ya miƙe, ya ja da baya har ya kusa faɗawa teku. Yara a jere, an hana su motsi, an hana su ƙifta ido, ana ta "ku yi dariya mana!" da muryar da ke sa yaro kuka. In ka tambaye ta me ke cikin lungunan bayan gidajen, ba ta shiga ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mai Binciken Tukunya

Wannan namu ne, kuma ban ga laifinsa ba. A kasuwar kifi ta bakin ruwa ana miƙo maka ɗanɗano a tsinke, wani naman kifin whale ne, wani tsiren barewar ƙanƙara ne da aka cusa a hanji. Shi sai ya riƙe tsinken ya fara tambaya: wa ya yanka, da me aka haɗa, akwai alade a ciki? Mai sayarwa ya amsa, ya sake tambaya, layi ya taru a bayansa. A ƙarshe ya tsaya a kan kifi da burodi, wanda da tun farko ya nufa da an huta. Da yamma kuma shi ne ke bin mu da lissafin salla, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Bergen sai wajen sha ɗayan dare, ta sake fitowa wajen huɗun asuba. Yara suka ce ba za su kwanta ba tunda ba a yi magariba ba, kuma ka rasa ta inda za ka kayar da su.

A kasuwar nan ne Hajiya ta tsaya cak gaban wani busasshen kifi mai tauri kamar icen girki. Ta ɗaga shi ta shinshina ta ce, "Kai, wannan ba shi ne na Sabon Gari ba, wanda Inyamurai ke sa wa a miya?" Shi ne kuwa. A arewacin Norwe, wajen tsibiran Lofoten, ake shanya shi a iska ba gishiri, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa. Duk yinin nan ba abin da ya faranta mata kamar haɗuwa da ɗan gari a baƙon wuri.

Na-San-Hanya

Ba ya sayen tikitin fita gari, ba ya karɓar taswira, ba ya tambaya. An ce matambayi ba ya ɓata, shi kuwa gani yake tambaya zubar da girma ce a gaban iyali. Akwai ƙa'idar da duk mai irin wannan tafiya ya kamata ya haddace: in da motar da jirgi ya shirya ka fita kuka makara, jirgi zai jira ku, in da ƙafarka ka fita, lokaci na cika za a janye tsani. Wanda aka bari shi zai nemi hanyar tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Saura minti biyar sai ga shi ya ɓullo daga kwana, jariri a kafaɗa, keken jaririn a hannu, matar na biye da takalmi a hannu, fasinjoji kuma sun cika baranda suna tafi da sowa kamar ana sukuwar salla. Da ya shigo yana haki, abin da ya fara cewa shi ne agogon jirgin ne ke gudu.

Malam Tarihi

Wannan ya karanta littafi kafin ya zo, kuma ya rantse sai kowa ya biya kuɗin karatun. Zai tsayar da yara cikin yayyafi ya gaya musu Sarki Olav Kyrre ne ya kafa garin wajen 1070. Zai ce fataken Jamus sun buɗe ofishinsu a Bryggen wajen 1360, suka riƙe cinikin busasshen kifi kusan shekara ɗari huɗu, gwauraye zalla, an hana su aure, an hana su hura wuta a ɗakunan kwana don tsoron gobara, duk da haka gobarar 1702 ta cinye unguwar aka sake ginawa. Daga nan zai ja su gidan tarihin kuturta da ke tsohon asibitin St. Jørgen, domin a garin nan ne likita Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar a 1873. Ka ji fa, yara an ce musu za a je yawon shaƙatawa, an ɓuge da ɗakunan kutare.

Ba sai na ɓoye ba, wannan ni ne. Ina tsakiyar bayanin fataken Jamus 'yar ƙanena mai shekara shida ta ja mini riga ta ce, "Baffa, su gwaurayen suna da akuya?" Na ce ban gane ba. Ta ce an gaya mata akwai awaki a kan dutse, ita su take so ta gani.

Masu Gaskiya

Su biyu ne, kuma ba wanda ya tambaye su a daren sayen tikiti: tsohuwa da ƙaramin yaro. Hajiya ce ta raba gardamar inda za a je. Ta dubi ƙanena ta ce, "Kai da yayanka duk ku rufe mini baki. Inda zan zauna nake so, su kuma inda za su yi gudu." Muka hau jirgin igiyar nan da ke aiki tun 1918, keken jariri ya shiga ba wahala. A sama ga benci, ga gari da teku shimfiɗe a ƙasa har muna hango jirginmu, ga filin wasa, ga daji da gumakan dodannin tatsuniyar Norwe da aka sassaƙa da itace, ga awakin kuma suna kiwo abinsu. Yarinyar da aka ɗauko daga Ingila, aka ratsa teku da ita, ta shafe kusan awa guda tana kallon akuya tana tuƙa. Hajiya ta ce da an san haka da an kai ta ƙauye an huta da kashe kuɗi.

Bayan azahar muka gangara gidan kifaye na Nordnes, wanda aka buɗe a 1960, yara suka ga tsuntsayen fengwin suna tafiya kamar dattawan da suka ci suka ƙoshi. Ruwa ya sauko muna ciki, bai taɓa mu ba. Muka koma jirgi saura awa guda, ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya yi gudu. Ban da Bryggen da kasuwar kifi da muka ratsa, wuri biyu kacal muka je, kuma har yau su yaran ke ba da labari. Fataken Jamus kuwa ko ɗaya ba wanda ya tuna.

Saboda haka mai karatu, in Allah ya kai ka irin wannan tasha da iyali, kafin ka miƙa kati ka dubi ƙafar da ta fi gajarta da gwiwar da ta fi tsufa a cikinku, ka auna tafiyar da su. Ka zaɓi wuri biyu, ka ɗauki rigar ruwa, ka rubuta lokacin tashin jirgi a tafin hannunka. In kuma ka ji bakinka ya fara cewa "saboda yara ne", to ka juya ka tambayi yaran.