Ire-iren Mutanen Gayyar Sharar Gona

Sharar gona aikin bazara ne, tsakanin watan Maris da Mayu, kafin saukar ruwan shuka. Akan tumɓuke tushiyar karan bara, a sassabe geza da sabara, a tara da manjagara a ƙona, sannan a kai taki. Idan gonar ta jama'a ce, kamar ta masallaci ko ta makaranta, mai unguwa kan sa a yi shelar gayya. Ba a biyan kowa, sai fura da goro. Masu amsa kiran iri-iri ne, kuma masu duƙawa tsakani da Allah ba su cika yawa ba.

Mai wasa adda shi kan riga kowa zuwa. Yakan samu dutse a inuwa, ya ɗiga masa ruwa, ya hau wasawa. Jifa-jifa ya taɓa kaifin da babban yatsa, ya girgiza kai, ya ci gaba. Har a tashi babu addar da ta kai tasa kaifi, babu kuma wadda ta kai ta hutawa.

Mai nuni kuwa fartanyarsa a kafaɗa take kwana. Aikinsa "ku bi nan, samari" da "kun bar can". Amininsa shi ne dattijon iyaka, wanda ya san kowane tushen gamba da ya raba gona da gona, da inda burtali ya bi tun zamanin dagacin jiya. Dattijon yana da rana idan rigimar iyaka ta tashi, sai dai galibi shi ke tayar da ita.

Mai wuta ba ya rabuwa da ashana. Ka'ida ita ce a share kewayen tarin, a jira iska ta kwanta. Shi da rana tsaka yake kunnawa, sai ka ga gayya duka ta watse da ɗanyen ganye a hannu, ana ceton karan maƙwabci. A wurinsa laifin na iska ne, ita ta juya.

Mai sassabe har ƙasa ya fi su wuyar sha'ani, domin shi da gaske yake aiki. Duk abin da ya tsiro abokin gabarsa ne. Tun shekarun 1980 manoman yankin Maraɗi suka rungumi sassabin zamani, wato a bar tohon kututture mafi ƙarfi, a rage sauran, har ya zama bishiya. An fi tattalin gawo, saboda yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga kuma taki a gindinsa. Duk an yi wa mutumin nan bayani, ya kuma gyaɗa kai, amma bai daina sara ba. Shi ya sa masu dabara kan ɗaura tsumma a jikin ɗan gawo, su kuma ajiye yaro yana gadi.

Ɗan ci-rani da ya dawo daga Legas yakan zo da baƙin tabarau, ya ari manjagara a ɗauke shi hoto. Samari kuma ƙarfinsu a hannun mai ganga yake: in ya matso ya yi musu kirari ƙura ta tashi, in ya wuce su miƙe suna dafe da ƙugu.

Mai jiran fura ba a ganin zuwansa, sai an sauke ƙorai a tarar da shi zaune da ludayi, ya yayyafa wa goshinsa ruwa. Akwai kuma wanda ba ya zuwa sam, sai ya aiko ɗansa mai shekara 7 da fartanyar da ƙotarta ke rawa, tare da saƙon a ba yaron goronsa.