Azumin Aro a Kelle

An turo ni Kelle a farkon Afrilun 2022, in riƙe ajin wani mushe, wato malamin makaranta, da ya kwanta ciwo. Daga Gure muka nausa arewa cikin rairayi, har duwatsun Kutus suka bayyana. Azumi bai daɗe da kamawa ba, rana kuwa ta wuce digiri 40 ba ta ko waiwayo.

Ni ɗan Tsibiri ne ta wajen Maradi, Kirista jikan Kirista. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, amma har yau mu tsiraru ne a Nijar. Tun da aka ƙona majami'u a Damagaram ran 16 ga Janairun 2015 kan zanen jaridar Charlie Hebdo, washegari kuma a Yamai, uwata ba ta sallamar kowa sai ta ce, "Ka iya bakinka." Na iya shi kuwa, har ya so ya kashe ni.

Direktan makarantar ya sauke ni gidan wani dattijo. Da magariba Inna, uwargidansa, ta aiko da kunun tsamiya, da ƙosai, da burabusko wanda miyar yakuwa ta ratsa, man shanu na ƙyalli a kai. Baba ya dube ni ya ce, "Mushe Yakubu, ya ƙishirwa?" Na ce, "Alhamdu lillahi." Ba ƙarya na yi ba, mu ma haka muke gode wa Allah. Ina rufe baki wani jan zakara da ke kan danga ya yi cara. Da magariba fa! Wanda ya tashi a makarantar Lahadi ya san abin da na tuna: Bitrus, da musunsa uku, da zakaransa.

Daga ranar na shiga azumin da ban yi niyya ba. Kafin asuba a buga mini ƙofa in sha fura ido rufe. Da aka kira salla na ce cikina ya ɓaci, na maƙale a ɗaki. Inna ba ta wasa da ciwon baƙo. Da daddare ta aiko da jiƙon maɗaci cike da kwano, ta tsaya a kaina har na shanye, tana yi mini sannu da Barbarci. Cikin da lafiyarsa lau, a daren nan ya ɓaci da gaske.

Na sayi gwangwanin sardin a ɓoye, na kulle ɗaki da azahar. Wanda bai taɓa buɗe sardin a garin da kowa ke azumi ba bai san nisan tafiyar wari ba. Kyanwowin unguwa suka yi layi a bakin ƙofa suna kuka, zakaran ya hau taga ya leƙo ni da ido ɗaya. Na haƙa rami na binne gwangwanin da sauran rabinsa.

Abin da ya fi cin raina, da tsakar rana ina jin ƙamshin dambun zogale daga madafa, irin na uwata, mai ƙuli-ƙuli da albasa. A aji na rubuta lissafi a allo, na juyo na tambayi yara, "Dambu bakwai a tara da biyar, nawa ke nan?"

Daren Asabar na shirya jawabi. Na tsara tarihin kakana, na tanadi amsar kowace tambaya, na ɗaure jakata ko da za a ce in bar gidan. Da safe na durƙusa gaban Baba, gwiwa na rawa, jawabin duk ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ni fa Kirista ne."

Ya ci gaba da jan carbinsa. "To, madalla. Ai direkta ya faɗa mana tun kafin ka sauko daga mota."

"Amma Baba, sahur ɗin fa?"

"Na yi zama a Damagaram, na san kuna da naku azumin kafin Ista. Muka ce yaron nan mai riƙo ne, a taimake shi."

Inna ta fito riƙe da muciya. "Wato yunwa kake ji duk kwanakin nan? Kai, ɗan nan! Kullum ina ɗora tukunyar rana saboda yara da mai jego. Bakinka ciwo yake?"

Ranar ta kama 17 ga wata, Ista. Baba ya ce baƙo ba ya yin sallarsa da lami, ya sa yara suka kamo zakaran. "Ni zan yanka," in ji shi, "don mu ma mu ci da magariba." Ban roƙa masa rai ba.

Da azahar aka shimfiɗa mini tabarma a zaure tare da waɗanda azumi bai hau kansu ba, biyu daga ciki 'yan ajina. Ga dambu, ga romon zakara da yaji. Na sunkuyar da kai na yi addu'a, na ɗan tsawaita ta don a san yanzu ba na jin tsoron kowa. Ko da na buɗe ido, cinyoyin biyu sun tafi, ƙaramin cikinsu na tauna yana cewa, "Mushe, mun ɗauka wani azumin ka sake ɗauka."