Ku da Kuka Ce Hannunku Ba Ya Shuka

Alhaji, na ji ka. Tun ban buɗe baki ba ka ce gidan haya kake, tsakar gidan siminti ce, kuma kai ba ka gaji noma ba. Hajiya ma ta ɗago murya daga madafa, wai ita hannunta ba ya shuka, ko na'a-na'a ta dasa sai ta mutu. To madalla. Ku zauna mu yi ta, tunda jiya da idona na gan ku kuna ja-in-ja da mai kayan miya a kan alayyahu ɗauri ɗaya, har jijiyar wuya ta tashi.

Mu fara da simintin. Ni ma a kansa nake shuka. Buhunan shinkafar nan da kuke jibgewa bayan ƙofa, ba ku san ranar amfaninsu ba, su ne gonar. A naɗe bakin buhu ya dawo rabi, a huda gindinsa wuri 5 ko 6 don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a ɗora kan bulo a inda rana ke kaiwa kamar awa 6 a yini. Ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, in ƙasar mai danƙo ce a ƙara ɗan yashi. Ranar da mai gida ya ce ka tashi, sai ka loda gonarka a a-kori-kura tare da katifa. Faɗa mini manomin Kadawa da zai iya haka.

Takin nan kuwa ya taɓa kunyata ni, gara in faɗa da bakina kafin maƙwabta su faɗa. Shekarar farko na kwaso kashin kaji ɗanye daga akurki na zuba wa dashe, ina jin kaina gwani. Kwana uku duk suka kwanta, ganyen ya soye kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, ƙone saiwa yake yi. Sai an tara shi a lungu, ana yayyafa ruwa ana juyawa, wata 2 ko 3, har ya yi baƙi ya daina wari. Na awaki da tumaki ya fi sauƙin kai, amma shi ma busasshe ake so. Har yau uwargida in tana son ta ƙure ni a gaban baƙi sai ta ce, "Malam, ba su labarin takinka mana."

Hajiya, miƙo hannun nan mu gani. Lafiyarsa lau. Abin da ya kashe na'a-na'arki ƙauna ce ta yi yawa: gwangwani ba huda, ke kuma duk wucewa sai kin tsiyaya mata ruwa, saiwar ta ruɓe a cikin taɓo. Ki riƙa cusa yatsa a ƙasar. In kin ji danshi, wuce abinki. In ta bushe, ki ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba.

Na san abin da zai biyo baya, kuɗin 'yan garuwa. Alhaji, sau nawa kake alwala a rana? Ina ruwan yake tafiya? Kwata. Ajiye roba a ƙarƙashin hannunka ka ga abin da za ka tara daga asuba zuwa lisha. Ga ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Na wanki mai omo da bilic kaɗai za a kai nesa. Sannan a rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, rana ba za ta shanye danshin da wuri ba.

Inda kuke ba ni dariya shi ne kowa da tumatir yake son farawa. Tumatir ɗan gata ne. Lokacin sanyi yake so, a yi renonsa wajen Oktoba zuwa Nuwamba, a dasa bayan kamar mako 4, a kafa masa sanda. Ka shuka shi a bazara, zai yi fure ya kakkaɓe ya bar ka da ganye. Kun manta 2016, da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon, ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa? Waɗanda suka tsufa a cikin sana'ar ke nan. Kai da ko lawashi ba ka taɓa fitarwa ba, ina kai ina shi?

Fara da alayyahu, ba ya fushi. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a cuɗa da yashi a barbaza, mako 3 zuwa 4 ka fara yanka. Kada ka tumɓuke, yanke sama ka bar gindin, zai sake tohowa. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana, a sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, kuma duk kwana biyu a tsinke, in ba haka ba ta zama icce. Yakuwa da rama kuwa, da damina ko harara ba sa buƙata.

Akuya. To, nan kam kun kama ni, ba ni da ta cewa. Akuyar maƙwabta ba ta san haƙƙin maƙwabtaka ba, aikin wata guda take gamawa kafin ka idar da sallar azahar. Shinge kawai, ko ƙaya, ko a ɗaga buhunan sama. Tsohon gidan sauro yana tare kaji da ƙadangaru daga ƙananan tsiro. Ƙwari kuma a ƙarƙashin ganye suke ɓuya, can za ka riƙa leƙawa. Daka ganyen darbejiya, jiƙa ya kwana, tace, sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, ka fesa da yamma.

Af, Alhaji, ga yaronka nan a ƙofa da kwano, wai Hajiya ta ce a sam mata zogale za ta yi kwaɗo. Zan ba shi. Amma zan haɗa masa da reshe ɗaya mai kauri, tsawon kamu biyu. A kafa shi a rabin tsohon duro ko can gefen rariya inda simintin ya fashe, in ya kai ƙugu a datse kansa don ya yi rassa, kada ya miƙe sama sai da tsani. Kwanon kuma ya dawo, na wancan makon ma yana wajenku.